Gishirin Salmanu

Dakta Salmanu mutum ne da fuskarsa ba ta iya riƙe magana. Tun yana yaro a Gwammaja, in ya ɓoye wani abu ba sai an matsa masa ba, karan hancinsa ne zai fara tsattsafo da zufa ko da ana sanyi, daga nan kowa ya san akwai labari. Ya girma, ya yi digiri uku a fiziks, ya samu aikin koyarwa a wata jami'a a Dubai, ya yi aure, ya ajiye ɗan tumbi, amma hancin bai canza hali ba. Shi ya sa abokan aikinsa suka yarda da shi fiye da kowa. Shi ya sa kuma da suka tashi neman wanda zai yi musu ƙarya, suka zaɓe shi.

Wannan sai an ɗan yi bayani. Masana sun daɗe da lura cewa taurari suna juyawa da gudun da ya kamata a ce ya watsar da su, amma ba su watse ba. Abin da ido ke gani a sama bai kai nauyin da zai riƙe su ba. Ke nan akwai wani abu mai yawa da ke riƙe da su, ba ya haske, ba ya inuwa, yana ratsa dutse da ƙarfe da jikin mutum ko tsayawa gaisuwa ba ya yi. Turawa suna ce masa dark matter. A gidan Salmanu kuwa Baƙon ake ce masa. An shekara da shekaru ana neman ƙwayoyinsa masu nauyi ba a samu ba, sai ƙungiyar su Salmanu ta koma neman marasa nauyi, waɗanda in sun bugi abu, bugun bai kai saukar ƙafar sauro a kan katifa ba. Na'urarsu tana can ƙarƙashin wani tsauni a Turai. Wani ɗan dutse ne mai tsabta, bai fi ƙwan zabo ba, an sanyaya shi har ya kusa daina motsi gaba ɗaya, ana zaune ana sauraron ko wani abu zai taɓa shi. Duk taɓawar da ya ji sai ta koma lamba, lambobin kuma su bi waya zuwa kwamfutocin 'yan ƙungiya a ƙasashe daban-daban.

Matsalar ita ce ɗan Adam in ya daɗe yana neman abu, idonsa kan fara ƙirƙiro masa shi. Saboda haka ƙungiyar ta yi wata al'ada. Kafin a ba masu tacewa lambobin, mutum ɗaya zai shiga a ɓoye ya cuɗa bugun ƙarya a ciki, wanda ba a iya bambanta shi da na gaskiya. Babu wanda ya san nawa ya saka, ko ma bai saka ko ɗaya ba. Mai tacewa in ya ga wani abu ba zai yi murna ba, in bai gani ba ba zai yi sakaci ba, aikinsa kawai zai yi. Sai kowa ya gama ya rufe hanyar tacewarsa, sannan a sa rana, mutumin nan ya kwashe ƙaryarsa a ga abin da ya rage. Zuba gishiri suke ce wa wannan aiki, kuma Salmanu ne mai zubawa.

Da komai ya tafi lafiya, ba don Muhsinat ba. Muhsinat ƙanwar matarsa ce, shi ya ja ta cikin fiziks tun tana sakandare, yanzu kuma tana digirinta na uku, tana cikin masu tace lambobin. Da korona ta sa aka rufe ɗakunan ɗalibai, sai ta kwaso kayanta ta dawo gidansu a unguwar Al Qusais. Mai zuba gishiri da mai tacewa suka koma cin abinci a faranti ɗaya. Salmanu ya sanar da shugabar ƙungiyar, wata dattijuwar farfesa 'yar Italiya, ta ce babu laifi, kada dai ya kalli kwamfutar yarinyar, kada kuma yarinyar ta kalli fuskarsa.

Wata safiya cikin watan Nuwamba, suna karyawa da shayi da burodi, Muhsinat ta fito daga ɗaki da ɗankwali a karkace, ta zauna ko ina kwana ba ta ce ba.

"Farfesar barci ta tashi," in ji Salmanu. "A sanar da duniya."

Da ma haka suke. Akwai wasa tsakanin mutum da ƙanwar matarsa, su kuwa sun riƙe shi kamar sana'a. Yana ce mata Farfesar barci, tana ce masa Yaya Tumbi, ba a raba su sai an kawo abinci.

Ranar ba ta rama ba. "Na ga ɗigo shida a cikin lambobin," ta ce.

Salmanu ya ajiye kofi. "Kada ki gaya min."

"Ai na riga na gaya maka. Shida, can ƙasa-ƙasa, inda marasa nauyi za su fito in suna nan. Na tace, na sake tacewa, na cire duk hayaniyar na'ura, sun ƙi tafiya."

"Ban ji ba."

Matarsa Halima Sa'adiya tana aiki a wani kantin magani a Al Rigga, kuma ba ta da haƙuri da duk abin da ba a iya zuba shi a kwalba. Ta dubi mijinta, ta dubi hancinsa.

"Ga shi nan ya fara," ta ce.

"Shayin ne da zafi."

Da ɗigon ne kawai, da an yi dariya an wuce. Amma tallafin karatun Muhsinat zai ƙare da ƙarewar shekara, bizarta ma haka. Wani kamfanin inshora a unguwar Port Saeed ta nan Dubai ya ga yadda take sarrafa lambobi, ya yi mata tayin aiki da albashi mai kyau da biza, yana jiran amsa kafin ƙarshen wata, ranar Alhamis. Ranar kwashe gishiri kuwa sai bayan sabuwar shekara.

"In Baƙon ne, babu inda za ni," in ji Muhsinat. "Ko a kan tabarma zan kwana a ƙarƙashin tsaunin nan. Ba zan bar abu irin wannan in je ina lissafa wa mutane haɗarin mota ba."

"In kuma ba shi ba ne?" in ji Halima.

Su biyun suka juyo suka dubi Salmanu. Ya ɗauki burodinsa ya fita baranda.

Da Muhsinat ta koma ɗaki, Halima ta biyo shi.

"Malam, ka gaya mata mana."

"Amana ce."

"Ita ma amana ce. Da Hajiyarmu ta miƙo ta, a hannunka ta sa ta, ba a hannun Turawa ba."

"In na faɗa, aikin mutum fiye da hamsin ya lalace. Nata aikin ma ya lalace. Babu wanda zai karɓi sakamako daga mai tacewar da ta san amsa."

"To kada ka faɗa. Ka ce mata kawai, karɓi aikin nan."

"In na ce ta karɓa, na faɗa ke nan. In na ce kada ta karɓa, ko na faɗa ko na yaudare ta."

"To ka yi tari sau ɗaya, ni zan fassara."

A lokacin shi kansa bai san ko ɗigon nasa ne ba. Ya san abin da ya zuba da inda ya zuba, amma bai ga nata ba, kuma ya ƙudura ba zai gani ba. Don ya kare kansa, sai ya fara sa takunkumi a cikin gida. Duk Dubai mutane suna ɗokin su iso gida su cire, shi kuwa yana shigowa yake ƙara ɗaure nasa. Da shi yake kallon labarai, da shi yake gyara takardun ɗalibai, abinci kuma ya ci a baranda ya juya wa falo baya. Maƙwabcinsu Ba'indiye ɗan Kerala ya daina shiga lif tare da shi, yana zaton ya kamu.

Muhsinat ta mayar da abin wasa. Sai ta bari yana alwala ta tsaya a bayansa ta ce, "Shida," ta leƙo ta ga ko hannunsa zai yi rawa. Ta sa wa Wi-Fi ɗin gidan suna Nawa-Ka-Zuba. Da duk wannan bai yi ba, wata safiya ya je ɗaukar ruwa ya tarar ta manna zanen sakamakonta a ƙofar firij, daidai tsayin idonsa.

Bai yi niyyar kallo ba. Amma ido ba ya neman izini. Kafin ya kau da kai ya ga ɗigon shida a jere, ya kuma gane su kamar yadda mai awaki ke gane nasa a cikin garke. Ga biyun da ya sa kusa da juna. Ga wanda ya tura can ƙarshen ƙasa, inda ya yi zaton babu mai iya tono shi. Duka nasa ne, babu bare ko ɗaya. Yarinyar ta kamo ƙaryarsa kaf, ba ta bar ko guda ba, kuma a kan wannan ƙaryar take shirin ƙin aiki.

Ya sha ruwan a tsaye, ya manta bai sauke takunkumi ba, ya jiƙa rigarsa.

Daga ranar Salmanu ya rasa bakin tsokana. In ya buɗe baki zai ce Farfesar barci, sai maganar ta maƙale. Ya fara dawowa daga aiki da luƙaimat, soyayyen kayan zaƙin nan na Larabawa, a leda, ya ajiye mata a ƙofar ɗaki. Ya zubar da shara a ranar da ita ya kamata ta zubar. Da ta ƙona shinkafa, ya ci ya ce ta yi daɗi.

Ya nemi hanyar da zai cece ta ba tare da ya ci amana ba. Ya kira farfesar nan ta Italiya, ya kashe kyamara, ya tambaya ko za a iya matso da ranar kwashe gishiri zuwa cikin watan nan.

"Me ya sa?" ta ce.

"Haka kawai."

"Salmanu, tun da na san ka ba ka taɓa neman wani abu haka kawai ba. Yanzu ka sa na fara tunani, ni kuwa ba ni da izinin yin tunani a kan wannan. Rabin masu tacewa ba su gama ba. Zan kashe waya in je in manta ka kira ni."

Ya yi tunanin zuwa kamfanin inshorar ya roƙi a ƙara wa Muhsinat lokaci. Sai ya ga in ta ji ya je, ta san dalili. Duk ƙofar da ya nufa, sai ya tarar amsar tana rataye a jikinta.

Halima ta gaji, ta nemo taimako. Kawunsu Alhaji Labaran, ɗan kasuwar Kantin Kwari, ya shigo Dubai sayen abaya da turare tun da aka buɗe hanya bayan kullen korona, yana wani otal a Al Rigga. Ta gayyato shi cin abinci ranar Juma'a, ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka da daddawar da shi ya kawo. Sai da ya ƙoshi ya wanke hannu, sannan aka yi masa bayani. Ya saurara yana sakace.

"Wato akwai wani abu da ba a gani, ba a ji, ba a taɓawa, kuma ku gwamnatoci ke ba kuɗi ku nemo shi."

"Kusan haka ne, Kawu," in ji Muhsinat.

"A garinmu wannan aikin malamai ne, kuma ba sa buƙatar firij." Ya gyara zama. "To ni na yi ciniki da Iraniyawa, na yi da Indiyawa, na yi da 'yan China. Ba a haifi fuskar da ban iya karantawa ba. Dakta, cire wannan tsumman."

Ba a musu da suruki. Salmanu ya cire.

"Yalla, mu fara. Abin da yarinyar nan ta gani, naka ne?"

Hancin ya jiƙe. Halima ta tafa hannu.

"Tsaya," in ji Kawu. "Ba naka ba ne?"

Hancin ya ƙara jiƙewa.

Kawu ya ɗan matso. "Sunanka Salmanu?"

Zufa ta gangaro har leɓe.

"Yau Juma'a?"

Salmanu ya sa hannun riga ya goge.

Kawu ya koma ya jingina. "Wannan ma'aunin ya lalace," ya ce. "Kun matsa masa har ya daina aiki. Ko gaisuwa ka yi masa zufa zai yi. Sa'adiya, akwai sauran shayi?"

Amma da zai tafi, ya ja Salmanu baranda, ya rage murya, wasan ya bar fuskarsa.

"Dakta, a kasuwa in ka san kaya na da aibi ka ɓoye wa mai saye, haram ka ci. Yarinyar nan da rayuwarta za ta sayi kayan nan."

"Kawu, ba ni nake sayarwa ba."

"To kai wane ne a ciki?"

"Ni ne wanda aka ce, in za a sa aibi, ni zan sa."

Kawu ya dube shi. "Duk karatun nan, abin da aka koya maka ke nan?" Ya juya hularsa. "Amma kuma in an ba ka ajiya, ba ka buɗewa ko mahaifiyarka ce ta ce ka buɗe. Wannan ma haka yake."

"To wanne zan bi, Kawu?"

"Da na sani, da ni ne dakta."

Maganar ta bi Salmanu har cikin aji. Yana rubutu a allo yana juya ta. An sa shi yin ƙarya don a hana mutane yaudarar kansu, kuma ya yarda da dalilin har zuciyarsa. Amma waɗanda suka tsara al'adar sun ɗauka mai tacewa ido ne kawai da kwamfuta. Ba su sa biza a lissafi ba, ba su sa Hajiya da ke Kano tana jiran 'yarta ta fara aiki ba. In ya yi shiru ya riƙe wa mutum hamsin alƙawari, ya bar guda ɗaya ta faɗa ramin da shi ya haƙa da hannunsa. In ya yi magana ya ceci ɗayar, ya zubar da aikin sauran, kuma ba za su taɓa sani ba sai in shi ya faɗa. Wannan na ƙarshen ne ya fi damunsa, domin ya lura zuciyarsa tana son zunubin da babu mai gani. Ranar Laraba, yana tsaye a jirgin metro, ya yanke shawara. Zai gaya mata, sannan ya kira farfesa ya faɗi abin da ya yi, ya ajiye aikin.

Ranar Alhamis Muhsinat ta shirya, ta ce da ƙafarta za ta je ta ba kamfanin amsa, don mutanen sun yi mata kirki. Salmanu ya ce zai raka ta. Suka sauya jirgi a tashar Union, suka sauka kusa da Port Saeed da sauran lokaci. Ya ce su ɗan taka zuwa bakin ruwa. Jiragen katako suna jere, ana loda musu firij da tayoyi da buhunan shinkafa, ma'aikata suna ta kiran juna da harsuna uku. Ya sayo musu shayin karak a ƙananan kofuna, suka zauna a kan wani benci. Ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa.

"Ikon Allah," in ji Muhsinat. "A gida ka sa, a titi ka cire. Ka riƙe kofin nan da kyau a ga shayi kake sha, in ba haka ba 'yan sanda su ci ka tara."

"Muhsinat, ɗigon nan naki."

Ta ajiye kofi, ta toshe kunnuwanta da yatsu biyu. "In ka ƙarasa, sai na tura ka cikin ruwan nan."

"Ke da kika manna min takarda a firij?"

"Wannan wasa ne." Ta sauke hannu ɗaya, ta bar ɗayan a kunne. "Na san ba za ka faɗa ba, shi ya sa nake tambaya. Da na san za ka faɗa, da ban tambaya ba. Ka rufe bakin?"

"Na rufe."

Ta sauke ɗayan. "Yaya, kai fa ba hancinka ne matsala ba. Rabon da ka ce min Farfesar barci tun yaushe? Ka sayo min luƙaimat. Ka ci ƙonanniyar shinkafa ka ce ta yi daɗi. Na ce shi ke nan, tausayina yake ji, gishiri ne. Na shiga bayi na yi kuka. Da na fito sai na ce, a'a, ƙila girmama ni ya fara yi, ya ga zan shiga tarihi yana neman wurin tsayawa a hoto. Sai na rasa wanne ne. A ranar na rufe hanyar tacewata na aika wa Farfesa, don kada tunanin fuskarka ya sa in taɓa komai. Ka ga har yanzu ban sani ba, kuma ba kai za ka ɓata min ba."

Salmanu ya dubi kofinsa. Ya zo da shirin sadaukar da mutuncinsa, an ce masa ya mayar aljihu.

"To me za ki ce musu?"

"Zan karɓa."

Ya yi ƙoƙari kada numfashin da ya saki ya yi ƙara.

"Na zauna na tambayi kaina," ta ce. "In Baƙon ne, zan zauna? Zan zauna. In gishiri ne fa? Sai na ji gabana ya faɗi. Ba na son in ƙara wasu shekaru ina tace babu. To ka ga ashe ba aikin nake so ba, samun nake so. Kai kuwa tun ina sakandare kake nema, ba ka samu ko ƙura ba, kuma kullum da safe sai na ji kana waƙa a bayi. Irinku ya kamata ku zauna. Ni zan ƙarasa rubutun digirina da yamma, ranar kwashe gishiri kuma ina nan a gaba-gaba. In Baƙon ne, sunana yana cikin takardar. In ba shi ba ne, ina da biza."

Ta shanye karak ɗinta, ta gyara mayafi, ta tsallaka titi ta shiga ginin.

Salmanu ya zauna yana kallon wasu mutum huɗu suna kokawa da wani ƙaton firij a kan katako. Abin da ya yi ta roƙo ya samu. Yarinyar ta tsira, amanar tana nan, bai ce komai ba. Ya jira ya ji daɗi, daɗin bai zo ba. Abin da ya zo shi ne ɗigon nan na shida, wanda ya binne a inda ya yi imani babu mai tono shi, ita kuwa ta tono shi daga ɗan ɗakinta a Al Qusais, da kwamfutar da fankarta ke kuka. In akwai wanda zai ji saukar Baƙon ranar da ya zo da gaske, ita ce. Ga shi tana hawa lif za ta je lissafa haɗarin mota. Ya miƙe tsaye. Zai iya bin ta, zai iya cim mata kafin ta sa hannu, yana da hujjoji sun fi goma. Amma kowace hujja ya ɗauko, ya san yadda za ta ji ta. Za ta ce mai zuba gishiri ya biyo ni da gudu yana cewa in zauna, ke nan gaskiya ne. Sai ta zauna saboda ƙaryar da bai ma furta ba. Ya koma ya zauna a bencin.

Da ta fito tana murmushi, ta tsaya a gabansa.

"Na sa hannu. Khalas, an gama. Yanzu babu abin da zai lalace. Nawa ka zuba?"

"Sai ranar."

"Wallahi kai mugu ne." Ta duƙo ta dube shi da kyau. "To wannan fuskar fa? Ta mece ce?"

"Wannan ba ta cikin amanar," ya ce. "Ko gishiri ne ko ba gishiri ba, na so ki zauna. Ban taɓa ganin mai tacewa kamarki ba."

Murmushin ya ragu. "Me ya hana ka faɗa ɗazu?"

"Da kin ce ɗigon na gaskiya ne."

Ta dubi ruwan. An samu an shigar da firij ɗin, mutanen suna goge zufa suna zagin juna.

"Da na ce hakan kuwa," ta amsa.

Ta zauna a gefensa. Can ta ce ya kira Yaya Halima, tana can kanti ta kasa aiki tana jiran labari. Ya ciro waya, ya nemo lambar, ya tsaya yana tunanin ko barka zai fara cewa. Da ya ji ta ɗauka, sai ya miƙa wa Muhsinat.